Ƙarfen da Dogara Ya Tono a Gona

An yi wani manomi mai suna Dogara, wanda ya gaji wata gona a bakin rafi daga wurin baffansa. Gonar ta daɗe ba a nome ta ba, har itatuwa sun tsiro a cikinta sun tsufa. Da rani ya share ta shi kaɗai. Da ruwan fari ya sauka, sai ya kira gayya, gama huɗar gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Aka sa ranar Asabar.

Ranar Laraba da hantsi, yana tonon wani kututture, sai digarsa ta bugi wani abu da ya yi ƙara, ƙarar kuwa ba ta dutse ba ce. Ya durƙusa ya yi ta yaye ƙasa da hannu. Abin da ya fito ƙarfe ne, girmansa kamar ƙaramin turmi. Jikinsa duk tsaga-tsaga ne a jere daga sama har ƙasa, kansa kewaye da haƙora, wani sandan ƙarfe kuma ya ratsa ta tsakiyarsa. Tsatsa ta mai da shi ja wur.

Dogara ya ƙwala kira don murna, maƙwabtan gona suka sheƙo a guje. Wani ya ce bam ne na yaƙin dā. Wani ya ce daga jirgin sama ya faɗo. Ana ta gardama ana dariya, sai ga Jatau, sarkin gayya, wanda shi ne yake tara samarin gari ranar aiki. Ya kewaya ƙarfen sau biyu bai taɓa shi ba, ya ce, “Dogara, ka taɓa tambaya abin da ya hana baffanka noman wurin nan? Ni ban ce sammu ba ne. Amma ba zan kawo ’ya’yan mutane su sa garma a ƙasar da aka binne abin da ba mu san sunansa ba.”

Dariya ta ɗauke. Dukansu masu zuwa majami’a ne ranar Lahadi, amma kowa ya ja da baya taku biyu.

Dogara ya san abin da wannan magana take nufi. In gayya ba ta zo Asabar ba, lokacin shuka zai wuce shi, ba shi kuwa da wata gona sai wannan. Da ya koma gida, matarsa Rifkatu ta ce, “Maigida, ka jefa shi cikin rafi mu huta.”

Ya ce, “In na jefa shi, ƙarfen ne zai tafi, tsoron yana nan a gonar. Sai na san sunan abin nan kafin Asabar.”

Kashegari ya ɗora shi a kan jaki, ya kai wa maƙerin garin. Maƙeri ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya kasa kunne, ya ce, “Wannan ba ƙira ba ce, zubi ne. Narka shi aka yi aka zuba. In na sa shi a wuta na buga, ba zai miƙe ya zama fartanya ba, fashewa zai yi ya cire mini ido.”

“To mene ne?”

“Ban sani ba. Amma zo ka gani.” Ya kankare tsatsa da wuƙa, ƙarƙashinta sumul kamar an goge. “Abin nan ya yi aiki shekara da shekaru. Haƙoran nan kuma sun lashe ta gefe ɗaya, wato suna cizon haƙoran wani. Ba shi kaɗai ba ne, yana da ’yan’uwa. Ka gaya wa Jatau, mai mugunta ƙwai da allura yake binnewa, ba abin da sai jaki ya ɗauka ba.”

Dogara ya yi tsalle ya kama hannunsa. Maƙeri ya ce, “Sake ni, ban ba ka suna ba tukuna. Jatau suna yake so. Nemi wanda ya ga abin nan yana aiki.”

Sai Dogara ya tuna da wata tsohuwa, Kande, ƙawar kakarsa, wadda aka haifa tun garin yana bakin rafi, kafin a taso zuwa tudu. Yanzu tana zaune wurin ’yarta a wani ƙauye, idanunta sun dushe. Ranar Jumma’a da sassafe ya kora jakinsa zuwa can. Ya same ta tana shan hantsi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, “Muryar wa nake ji? Dogara? Angona, sai yau ka tuna kana da mata a nan? Me ka kawo mini, zane ko goro?”

“Ƙarfe na kawo miki, amarya.”

“Ku ji mini mijin banza! Kawo in ji.”

Ya mirgino shi gabanta. Ta ɗora hannu, ta bi tsagogin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta hau kan haƙoran. Can ta bushe da dariya, hawaye suna zuba, ta ce, “Rake! Wayyo Allah, rake! A ina ka samo shi?”

“A gonar bakin rafi.”

“Ai dole! Wannan na injin matse rake ne, na kakan babanka. Su uku ne a tsaye, uwa da ’ya’ya biyu, wannan ɗa ne. A bisansu akwai dogon itace da ake ɗaura wa doki. Doki yana kewayawa, su suna juyawa, ana tura rake a tsakaninsu, ruwan yana zuba. Mu ’yan mata mu ne masu kwashe kumfa in ana dafawa, har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Mazarƙwailar da na sata a wurin nan, ita ta zubar mini da haƙora.”

Dogara ya kasa zama. Ya ce, “To wa ya binne shi?”

“Ba wanda ya binne shi. Shekarar ambaliya rafi ya cika ya kwanta a kan fadamar, ya rufe kome da yashi. Mai injin ya rasu a shekarar, gari ya tashi. Baffanka kuwa ba tsoro ne ya hana shi noma ba, ƙyuya ce. Na san shi tun yana tsirara.”

Ranar Asabar Dogara ya ɗora tsohuwar a kan jaki, shi yana tafe a ƙasa, har gona. Ƙarfen kuwa tun ranar Jumma’a ya mai da shi bakin ramin da ya tono shi. Mutanen gayya sun zo, amma sun tsaya a kan iyaka, ba mai garma a hannu. Kallo suka zo yi. Kande ta faɗa musu abin da ta faɗa wa Dogara. Jatau ya ce, “Iya, da girmanki, amma shekara sittin ba kwana sittin ba ce. Ta yaya za mu tabbata?”

Ta ce, “Ku kai ni bakin ramin.” Aka kai ta. “Ku tona nan kusa, ta wajen rafi, inda ruwa zai tura su. In ba ku sami uwar ba, ku binne ni a ciki.”

Dogara ya fara tono shi kaɗai. Ya kai gwiwa, ba kome. Ya kai cinya, zufa ta rufe masa ido, ba kome. Wasu suka fara juyawa za su tafi. Sai diga ta yi ƙara. Mutum uku suka diro cikin ramin ba wanda ya kira su, suka ciccibo wani ƙarfe wanda ya fi na farko kauri. Aka tsai da su gefe da gefe, Dogara ya murɗa ɗaya da hannu biyu, haƙora suka shiga cikin haƙora, ɗayan ya motsa.

Wuri ya kaure da sowa. Rifkatu ta rangaɗa guɗa, samari suka ruga gida ɗauko garemani, makaɗi ya saɓa gangarsa. Jatau ya gyara murya ya ce, “Ai ni dama ban ce sammu ba ne.”

Kande ta ce, “Ba ka ce ba, ɗana. Je ka ɗauko garmarka.”

Kafin rana ta karkata an gama huɗar gonar kaf.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Gonar ita ce zaman da Ubangiji ya ba kowannenmu. Ƙarfen shi ne abin da mukan ci karo da shi a cikinta ba mu san ma’anarsa ba: wani hali da aka haife ka da shi, wata baiwa da ba ta yi kama da ta kowa ba, wani al’amari da ya faɗo wa gidanka. Jatau kuwa yana cikin zuciyar kowa. Shi ne muryar da takan ce duk abin da ban gane ba, maƙiyi ne ya aiko shi. Da yawa a cikinmu mun bar gonaki masu kyau saboda wannan murya, muna kuwa raira waƙa ranar Lahadi.

Ku lura da abin da Dogara ya yi. Bai ɓoye abin ba, bai kuma jefar da shi ba. Ya ɗauki nauyinsa ya yi ta tambaya, har ya kai ga wadda ta sani. Haka za mu kai namu gaban Allah cikin addu’a, da gaban Maganarsa, da gaban dattawan ikilisiya, har da tsofaffin nan da muke wucewa ba gaisuwa. Wanda ya siffata mu ya san aikin da ya yi mu dominsa, bai kuwa yi kowa shi kaɗai ba. Akwai ɗan’uwan da sai an tsai da kai kusa da shi za a ga amfaninka, a ga nasa.

Saboda haka, in akwai abin da kake tsoro a gidanka ko a ranka, wanda ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, kada ka koma da shi gida yau. Ana tashi sujada, ka sami dattijo guda, ka ce, “Baba, zo ka duba mini wannan.”