Ƙusa a Cikin Garwashi

Akwai wani maƙeri a wani gari, tun kafin bishara ta kai can. A garin, kowace shekara bayan kaka, maƙera sukan taka garwashi ba takalmi a gaban jama'a. Wanda ya haye lafiya, an ce zuciyarsa fara ce. Wanda ya ƙone kuwa, sai a ce akwai mugun abu a ransa, a karɓe masabarsa, wato gudumar ƙira, a kore shi daga maƙera.

Wan mutumin nan shi ne Sarkin Maƙera, shi ke shirya wutar. Al'ada ita ce a saro itacen kirya daga daji, a tsince filin tsaf, kada ko guntun ƙarfe ya shiga. Amma a shekarar ƙyuya ta kama shi. Da itacen bai isa ba, sai ya ciro tsohon ƙyauren rumfarsa ya jefa a ciki. Wai don kada ya koma daji!

Shi kuwa ƙanen, kwana bakwai yana shiri. Ya bi gida gida yana neman gafarar waɗanda ya saɓa wa, bai ɗaga wa kowa murya ba. Ranar da aka baje garwashi, ya shiga hankalinsa kwance. Taku na uku ya ji wani abu ya soke shi a tafin ƙafa. Ya kwarma ihu, ya faɗi gefe.

Wan ko sunkuyawa bai yi ya dubi ƙafar ba. Ya juya ga taron ya ce, "To, kun gani. Wuta ba ta ƙarya." Nan take aka karɓe masabar. Har matar ƙanen ta kau da kai, wannan kuwa ya fi ƙunar yi masa ciwo.

Kashegari ya dogara sanda ya je ya tona tokar. Sai ga ƙusoshin tsohon ƙyaure, har bakwai. Ya san ƙirar, ta wansa ce. Ya kai masa ɗaya ya ce, "Yaya, ka san ƙarfen da ya yi ja a wuta ba ya barin fata. Fito ka wanke ni a gaban mutane."

Wan ya ce, "In aka ji wannan, wa zai ƙara ganin girmana?" Ya karɓi ƙusar ya jefa a wutar maƙera, ya kama zuga. Kai, wannan rashin kunya da yawa take! Ƙanen ya bar garin yana ɗingishi, da sunan mugu.

Ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne, musamman mu manya. Garwashin shi ne gwajin da kowa zai bi a duniya. Mai shirya wutar kuwa mu ne, iyaye da dattawan ikilisiya. Ƙusar ita ce sakacinmu: matashin da ba mu koya wa Maganar Allah ba, gwauruwar da ba mu leƙa ba har yunwa ta kai ta inda bai kamata ba. In suka faɗi, mu ne kan gaba wajen hana su jibin Ubangiji, har da girgiza kai. Abin nan yana ƙona mini rai. Allah ya ga wanda ya jefa ƙyauren. Saboda haka, kafin ka ce ɗan'uwanka mai zunubi ne, je ka tona tokar, ka duba ko ƙirarka ce a ciki.