Ramin Kurege Mai Ƙwai Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

Wata shekara aka yi fari, rafi ya ƙafe, ƙasa ta tsage. Masu ƙwai za su tafi neman ruwa, suka rasa inda za su bar ƙwansu. Kurege, gwanin haƙa, ya ce a kawo masa ajiya, kowane rami ƙoƙon gyaɗa.

Tsoho Kunkuru, alƙalin dawa, ya kafa sharaɗi: "Uwa ɗaya, rami ɗaya. A kira uwa a san rami, a nuna rami a san uwa. In ka saɓa, ka rasa gidanka."

Kurege ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai ko makaho ya gane."

Ya haƙa, ya haƙa, har faratansa suka yi jini. Can sai ga Zabuwa da ƙwanta ɗaya tilo, ga Gamsheƙa da nata. Kurege ya dubi ƙasa, ya dubi gyaɗa ƙoƙo biyu. Ya karɓe gyaɗar, ya tura ƙwai biyun cikin ramin da yake kwana. Ya ce a ransa, "Ƙwai yana da baki ne?"

Ruwa ya sauka, iyaye suka dawo a rame. Kunkuru ya nuna rami, Jimina ta amsa. Ya nuna rami, Agwagwa ta amsa. Ya nuna gidan Kurege.

Zabuwa ta ce, "Nawa ne."

Gamsheƙa ta ce, "Nawa ne."

Aka leƙa, ƙwai biyu sun sha laka, ba mai gane nasa. Shigarwa ta yi sauƙi, mayarwa ta gagara.

Kurege ya ce, "A bari su ƙyanƙyashe mana, kowa ya ga mai kama da shi."

Aka jira kwana uku. Aka ji "tsiyak" sau ɗaya, sai shiru. Ɗan maciji ya leƙo, cikinsa da ƙullutu.

Kurege ya yi tsalle. "Malam, duba da kanka! Rami ɗaya, ɗa ɗaya, uwa ɗaya. Ina saɓawar?"

Kunkuru ya duba, ya sallame shi. Zabuwa, baiwar Allah, ta tafi tana kuka, kukan da ba ta daina ba har gobe. Ni dai ita nake tausayi.

Kurege ya juya zai shige gida, Gamsheƙa ta fasa kai.

"Ina zuwa, ɗan'uwa? Da bakinka ka faɗa. An nuna rami, an san uwa."

Shi ya sa har yau za ku ga kurege tsaye bisa ƙafa biyu a bakin rami, yana waige-waige. Ko wanda ya haƙa da kansa, bai yarda nasa ne ba.

Ƙurunƙus kan kurege. In za ku ci gyaɗar mutum biyu, yara, ku fara duba bakinsu, kada ɗaya ya zama mai dafi.