Kafintan da Ya Daidaita Ƙafafun Ɗansa

Jama'ar wannan shafi, ku matso. Wannan ba "an ce" ba ne, ba "wai" ba ne. Da idona na gani, waɗannan idanun da ke hango allura a tsallaken titi. Ku bar dariya, yau ba da wasa na zo ba.

Akwai wani kafinta a layinmu, shagonsa na kallon bencin da nake zama. Mutum ne mai hannu, in ya haɗa maka kujera sai jikokinka sun gaji da ita. Ɗansa ɗaya namiji, ana ce masa Guguwa saboda gudu. In ya ɗauki ƙwallo ta gefe, sai dai a bi shi da ido. In ban da ni a zamanina, ban ga mai ƙafarsa ba.

Rannan a wasa jijiyar cikin gwiwarsa ta dama ta tsinke. Aka yi masa aiki a asibiti aka dasa masa wata jijiyar, aka haɗa shi da wata likitar gashin ƙashi.

Kafinta bai yi wasa da jinyar nan ba. Shi ke cicciɓar ƙaton saurayin zuwa banɗaki. Shi ya ƙera masa akwatin katako na hawa da sauka, ya goge shi sumul don kada ya soke shi. Watanni suka yi ta tafiya. Guguwa ya yar da sanduna, ya fara tafiya, ya fara sassarfa, har ya fara gudu.

Sai labari ya zo cewa mutanen wani babban kulob za su zo kallon wasan ƙarshen wata, su ɗauki wanda suka ɗauka. Koci ya ce shi kam ba zai sa Guguwa ba sai Likita ta faɗa masa da bakinta.

Suka tafi gwaji, uba da ɗa.

Likita ta shimfiɗa tef na awo a ƙasa. Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle iyakar ƙarfinsa, ya dira a kanta ya tsaya cak. Ƙafar hagu ta tashi kamar an harba ta. Dama ta tsaya can baya, da ya dira kuma sai da gwiwar ta yi rawa.

"Tukuna," in ji Likita. "Sai wadda aka yi wa aiki ta kusa kamo 'yar'uwarta. Ku dawo nan gaba mu sake."

"Likita, yaron nan fa yana gudu," in ji Kafinta.

"Gudu a miƙe daban, Baba. Birki da juyi su ne matsalar."

Idon Kafinta na kan tef ɗin. Mutumin da ya tsufa yana awo, nan take ya gane abin da ake aunawa. Ba nisan tsallen ake dubawa ba, tazarar da ke tsakanin biyun ce.

Da suka koma shago, ya jawo wani tebur da aka kawo gyara, ya taɓa shi ya yi ƙwas-ƙwas.

"Kai Guguwa, in tebur na rawa, ƙafa ɗaya ta gaza, me nake yi?"

"Ka rage wa dogayen."

"To, ashe kanka na ja."

Guguwa ya ce, "Baba, kana nufin in rage tsallen hagu?"

"Ɗan kaɗan. Su zo daidai, shi ke nan."

"Ita fa ƙafar damar, har yanzu in na juya da sauri sai in ji kamar ba tawa ba."

"Tsoro ne kawai. Ni na haife ka, na fi tef sanin ƙafarka. Mutanen nan in sun tafi, yaushe za su dawo? So kake ka ƙare kana shaƙar garin katako kamar ubanka?"

Ku fahimce ni, ba mugunta ba ce. So ne, amma irin wanda ke rufe ido.

Ana gab da wasan suka koma. Guguwa ya yi na hagu, ya riƙe ƙarfinsa. Ya yi na dama, ya cije ya ba ta duk abin da yake da shi. Alamun biyu suka zo kusa da juna.

Likita ta tsuguna tana kallon tef, ta ɗaure fuska.

"Ikon Allah. Damar ta ƙaru, na gani. Amma me ya ja hagun baya?"

"Zazzaɓi ya yi, bai gama wartsakewa ba," Kafinta ya yi caraf.

Ba ta kalle shi ba. Ta miƙe ta tsaya a gaban yaron.

"Guguwa, kalle ni. Bar batun awo. In kana gudu aka ce ka taka birki a kanta ka juya, zuciyarka ta yarda da ita?"

Yaro ya saci kallon ubansa. Kafinta ya ɗan gyaɗa kai, kaɗan, yadda ba za ta gani ba.

"Ta yarda, Likita."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce za ta kira koci, ya shiga amma can wajen ƙarshen wasa.

Ranar wasa Kafinta ya rufe shago, ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a bakin fili riƙe da robar ruwa. Duk wanda ya matso sai ya ce, "Ka ga mai ɗumama jiki can? Nawa ne."

Can wajen ƙarshe aka sa Guguwa. Wallahi jama'a, taɓawar farko sai da fili ya ɗauka. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. Baƙin babban kulob ɗin suka gyara zama. Ƙwallo ta sake zuwa, ya kwasa da gudu, mai tsaron baya ya tare shi, ya dasa ƙafar dama zai juya ciki.

Ba wanda ya taɓa shi. Ko rigarsa ba a shafa ba. Gwiwar ce kawai ta tafi gefe, shi ya tafi ƙasa.

Bai kalli ƙafar ba. Kansa ya ɗaga yana dube-dube a bakin fili, har ya sami ubansa. Kafinta ya so yaron ya yi ihu, ya zage shi ma. Kallo kawai ya yi masa, irin na ƙaramin yaro da aka ce masa ruwan ba zurfi.

A asibiti aka ɗauki hoto. Jijiyar da aka dasa ta tsinke, guringuntsin gwiwar ma ya yage. Babban likita ya ce zai yi tafiya, zai yi sana'a, amma ƙwallo irin wadda suke nufi, a cire rai.

Likitar gashin ƙashi ta shigo ɗakin, idonta ya yi ja.

"Laifina ne. Na ga abin da bai kwanta min ba, na bar shi ya wuce."

Kafinta ya buɗe baki. Guguwa ya kama wuyan hannunsa daga kan gado, ya matse.

"Ba laifinki, Likita. Ni na rage tsallen hagu da gangan. Dabarata ce, ba wanda ya sa ni."

Kafinta ya fita baranda ya jingina goshinsa da bango. Na san shi tun yana saurayi, guduma ta sha fasa masa yatsa bai ce wash ba. Ranar kafaɗunsa sai da suka yi ta girgiza.

Yanzu Guguwa na shagon, yana goge katako a zaune, ƙafar a miƙe kan kujera don ba ta lanƙwasuwa sosai. In an tashi rufewa, Kafinta ke tsugunawa ya ɗaura masa igiyar takalmi. Wata yamma yana tsugune, kansa a ƙasa, ya ce, "Ka yafe min." Guguwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na yafe, Baba."

To, tsaya. Wannan ta ƙarshen ni na ƙara, don labarin ya yi min nauyi a baki. Sauran duk haka aka yi, amma maganar yafiya ban ji ta ba. Kullum ina kan bencina ina kasa kunne. Yana tsugunawa, yana ɗaurawa, yana miƙewa. Har yau ba wanda ya ce wa wani komai.

Darasi: Gwajin da likita ke yi kafin a koma fili ba shinge ba ne da za a yi wa dabara, don kare ku aka yi shi. Kuna iya yaudarar mai awo, gwiwa ba ta yaudaruwa. Iyaye, in ɗanku ya ce bai yarda da jikinsa ba, ku saurare shi kafin ku saurari burinku. Ku tura wa duk mai jinyar rauni da ke ɗokin komawa wasa, ku tura wa ubansa ma.