Jirage Biyu a Bayan Katanga

Akwai wani mutum, masassaƙin jiragen ruwa, a wani gari na bakin kogi. Na taɓa kwana a garin, amma sunansa ya kuɓuce mini. Mutumin yana da 'ya'ya biyu maza, Jatau da ƙanensa Tanko. Ya shigo da itace bayan ɗakinsa, ya kewaye wurin da katanga saboda ɓarayi, ya bar 'yar ƙofa. A ciki ya sassaƙa jirage biyu iri ɗaya, kowane ɗa da nasa.

Da yaran suka girma, ruwa kuma ya kawo, sai Jatau ya ce, "Baba, lokaci ya yi da za mu kama sana'a. Amma jirgi ba zai bi ta ƙofar nan ba, sai an fasa katanga."

Uban ya ce, "A fasa? Kai da ko tubali ɗaya ba ka ɗora ba? Ku bari sai baɗi."

Baɗi ta zo, ya sake cewa baɗi. Jatau ya gaji, ya shiga jirgin wasu fatake ya tafi kudu. Tanko ya koma yi wa wasu masunta jan taru. Sa'ad da tsufa ya kama uban, ya sa aka rushe katangar, ya aika a kira Jatau. Jiragen suna nan lafiya. Jatau ne ba a samu wanda ya san inda yake ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, akwai katangar da Allah ya ba ta lokacinta. Wani likita ya taɓa bayyana mini cewa jikinmu cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowacce tana ɓoye gādon halittarta cikin wani siririn tantani. In za ta rabu biyu, sai tantanin ya yayyage, a ja rabin gādon zuwa nan, rabi zuwa can, sa'an nan kowane ɓangare ya yi sabon tantani da ragowar tsohon. Haka jariri yake girma, haka miki yake warkewa.

Ya ku iyaye da dattawan ikilisiya, tsaron da kuka yi wa 'ya'yanku abu ne mai kyau. Amma ranar da suka ce a buɗe musu, ku buɗe tun suna tsaye a gabanku. Na zauna da tsofaffi da yawa waɗanda suka yarda daga baya, suna ta kallon hanya.