Manomin da Ya Ƙi Kwanciya a Ƙarƙashin Motarsa

Akwai wani mutum, manomin dankali, a wani gari da ke gindin tudu. Wata shekara Allah ya sa wa gonarsa albarka, sai ya shiga birni ya dawo da wata 'yar mota da ya saya a gwanjo. Irin wadda manya ke hawa ce a filin wasan golf: ba ƙofa, ba taga, rumfa a sama, kujera mai cin mutum biyu, tana kurɓar fetur kaɗan-kaɗan kamar marar lafiya da kunu. Mutanen gari suka sa mata suna 'Yar Gata, gama mutumin yakan wanke ta da safe, ya goge ta da yamma, in hadari ya taso kuma ya lulluɓe ta da zanen matarsa. Ya kuma faɗa a bakin kasuwa, kowa yana ji, cewa muddin yana numfashi hannun wani ba zai taɓa ta ba.

Tun ranar da ya hau kujerar nan, sai ƙasa ta yi masa nisa. Da can, in ya je gaida surukarsa, Iya Tabita, tun daga zaure yake cire takalmi ya durƙusa, kamar yadda aka san suruki da yi. Yanzu kuwa sai ya tsaya a ƙofar gida, ya ɗaga hannu daga kan kujera, ya ce, "Iya, an tashi lafiya?" Kafin tsohuwa ta amsa, ƙura kawai take gani. 

To, a tsakanin tayoyin baya na motar akwai wani akwatin ƙarfe, shi ne akwatin giya. A cikinsa haƙoran ƙarfe ke cizon juna suna juya tayoyi, suna iyo cikin mai. Akwatin yana da noti biyu. Na sama, ta nan ake zuba sabon mai, mutum yana tsaye ma zai kai gare shi in ya ɗan sunkuya. Na ƙasa kuwa, ta nan ake zubar da tsohon mai, kuma ba a kai gare shi sai an kwanta rigingine a kan turɓaya.

Da damina ta yi nisa, mutumin ya ratsa rafi da 'Yar Gata, don ba ya so a ga ya sauka yana naɗe wando kamar sauran mutane. Ruwa ya shiga akwatin. Ba a daɗe ba motar ta fara kuka daga baya, kamar akuyar da aka raba da ɗanta.

Mutumin yana da wani taubashi mai suna Habila, mai gyaran injin ban ruwa. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba tsiya. Da Habila ya ji kukan, sai ya tare hanya ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Tuƙi! Me ka yi wa gimbiyar take kuka haka?"

Mutumin ya ce, "Waƙa take yi. Kunnenka ne na jaki."

Habila ya ce, "Ruwan rafi ta sha, ya gauraya da man giya. Ka kwance notin ƙasa, ka zubar da abin da ke ciki duka, sa'an nan ka zuba sabo."

Mutumin ya dubi ƙasa, ya dubi rigarsa. Ya ce, "In kwanta? Ni? A gaban mutane? In kuma zubar da mai kamar wanda aka yi wa baki? Mai ai ba ya tsufa. Ciko ake yi masa."

Sai ya sayi man giya mafi kyau a kasuwa, ya buɗe notin sama ya zuba a kan tsohon. Kukan ya lafa na yini guda, ya dawo. Ya ƙara ciko, kukan ya ƙaru. Da ya ga haka, sai ya koma rera waƙoƙin sujada da ƙarfi in yana tuƙi, don su danne ƙarar. Har waɗansu suka fara cewa, "Kai, bawan Allahn nan ya ƙara ibada."

Kaka ta yi, ranar godiya ta matso, ranar da kowa ke kai nunan farin gonarsa majami'a. Majami'ar kuwa a kan tudu take. Iya Tabita ta daɗe ba ta hau tudun nan ba, saboda gwiwoyinta sun gaji. Amma a shekarar ta noma 'yar acca a bayan ɗakinta, ta cika ƙwarya guda. Ta ce ba za ta ba kowa saƙo ba, da hannunta take so ta ajiye ta a gaban bagade, wato teburin da ke gaban majami'a. "Wa ya sani ko zan ga wata kakar?" in ji ta. Mutumin ya bugi ƙirji ya ce shi zai kai ta har bakin ƙofa.

Ranar ta zo. Ya sa babbar riga fara sol wadda ta sha guga, ya kafa hula. Iya ta zauna a gefensa da ƙwarya a cinya. Suka kama hawan tudu, 'Yar Gata tana kuka, shi yana waƙa. Da suka kai tsakiya, sai motar ta yi wata irin ƙara, ta girgiza, ta tsaya cik. Ya ja giya gaba, ta ƙi. Ya ja baya, ta ƙi. Dole ya sauka da sauri ya sa duwatsu a bayan tayoyi.

A can sama aka buga ƙararrawa. Masu tafiya a ƙasa suna wucewa da damman dawa a kai, wani da zakara a hammata, kowa yana cewa, "Sannunku da hutawa!"

Ana haka sai ga Habila yana tura kekensa, jakar kayan aiki tana rataye a baya. Mutumin ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Ɗan'uwana, rufa mini asiri. Shiga ka kwance notin nan. Ga sabon mai a ƙarƙashin kujera."

Habila ya kama baki. "Haba, Sarkin Tuƙi! Kai da ka ce hannun wani ba zai taɓa ta ba? In sa ka karya maganarka, a ranar Lahadi kuma? Ga dai sifana, ga gwangwani. Yi maza tun man yana da zafi. In ya huce ya daskare, ba zai fita ba."

Mutumin ya tsaya riƙe da sifana yana duban rigarsa. Daga kan tudu aka fara jin kiɗan tulu na zumuntar matan majami'a, alamar an kusa fara kai baiko, wato kyautar godiya ga Allah. Sai Iya Tabita ta rungume ƙwaryarta, ta zuro ƙafafunta waje, ta ce, "Baban Rahila, kada ka ɓata rigarka. Sauke ni kawai. Ko da rarrafe ne zan kai."

Maganar ta soki mutumin. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya kwanta a turɓaya, ya ja jiki zuwa ƙarƙashin motar. Kansa ya tsaya daidai inda ƙafafun tsohuwar ke lilo. Iya ta leƙo, ta gan shi shimfiɗe a ƙasa.

Ta ce, "A'a, Baban Rahila! Yau kuma har da kwanciya? Ai durƙuson ma ya isa. Lafiya lau na tashi. Yaya gajiya?"

Habila ya yi dariya har ya saki kekensa ya faɗi.

Mutumin ya juya notin. Abin da ya fito ba za a ce masa mai ba: wani abu ne fari-fari mai kauri kamar kunun da ya kwana, da wari, da ɗan garin ƙarfe a ciki. Kafin ya saita gwangwani, rabi ya sauka a ƙirjin farar rigar. Ya jira har ya tsiyaye ƙaf, ya mayar da notin ya ɗaure, ya fito ya zuba sabon mai ta sama. Ya ja giya, ta shiga. 'Yar Gata ta kama hawa, da ɗan kuka siriri wanda bai sake barinta ba, gama haƙoran sun riga sun ci wuya.

Suka isa layin baiko yana gab da ƙarewa. Iya Tabita ta shiga a ƙarshe, sanda a hannu ɗaya, ƙwarya a ɗaya, tana ɗan taka rawa, ta ajiye accarta a gaban bagade. Surukinta yana biye da ita da rigarsa mai taswira a ƙirji. Duk wanda ya tambaye shi, sai Habila ya riga shi amsawa: "Sabon rini ne, daga birni."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: akwatin nan da ba a gani shi ne zuciyar mutum. Ruwan rafi kuwa shi ne abin da muke bari ya shige ta, wato girman kai, da gaba, da ƙarya, da raina na gaba da mu. In zuciya ta fara kuka, yawancinmu ciko muke yi. Mu ƙara zuwa sujada, mu ƙara baiko, mu ƙara ƙarfin murya a waƙa. Waɗannan duk mai ne mai kyau, amma in an zuba su a kan gurɓatacce, su ma gurɓacewa suke yi.

Notin ƙasa shi ne tuba. Ubangiji bai sa shi a sama ba, inda za a kai gare shi a tsaye da hula a kai. Fasto zai iya miƙa maka sifana, ɗan'uwa zai iya riƙe maka gwangwani, amma kwanciyar taka ce. Ka yi ta kuma tun zuciyarka tana da zafi, tun maganar tana sukarka, gama in ta huce sai ta daskare. Ka tuna kuma ba kai kaɗai ne a motar ba. Akwai waɗanda ka ɗauko, waɗanda taurin kanka zai bari a tsakiyar tudu.

Saboda haka, kafin ka zo da baikonka ranar Lahadi mai zuwa, ka tambayi kanka: wa na daɗe ina gaisarwa daga kan kujera? Ka je ka sauka. Riga ana wanke ta.