Kujerar Makka ta Sarkin Fawa Makau

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku.

A garinmu an yi wani Sarkin Fawa, Makau, ƙaton mutum mai son kitse da romo mai gishiri. Bai taɓa kwanciya ciwo ba. 'Ya'yansa uku: Hansatu, Tanimu da auta Kubura.

Hansatu ce ta lura Baba yana yawan dafe ƙeya, in ya miƙe sai ya kama bango. Ta yi masa zancen asibiti, ya ce, "Ni da nake kayar da sa ni kaɗai?" Sai ta ce ita ce ba lafiya, ya raka ta. Da suka je ta miƙa hannu aka auna ta, ta ce, "Baba, kai ma miƙa, a ga ƙarfin nan." Aka ɗaura masa abin awo, aka ce hawan jini ne, ya hau sosai. Aka ba shi magani, ta sanar da ƙannenta.

Makau ya sha na ɗan lokaci, ya ji garau, ya watsar. Ran kasuwa yana cikin fiɗa ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace. Mahauta suka ce iska ce, a kawo hayaƙi. Tanimu ya ce, "Jini ne, ku ba ni hanya!" Kawunnan Tanimu, su ma mahauta ne, suka tare ƙofar mahautar, ya ture su, ya saɓi uban sai asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai gawa.

Da aka sallamo shi, Kubura ta karɓi tukunyarsa. Ta rage gishiri, ta hana kitse, kullum da safe tana tsaye a kansa har ya haɗiye ƙwaya. Ya kifar da kwano, ya kira ta mai baƙin hali, ta ce, "Zagi dai, Baba, amma sha." Ita ke kai shi awo, ita ke riƙe shi yana koyon tafiya, har ya koma mahauta da ƙafarsa.

Bana Makau zai sauke farali, kuma ya biya kujera ɗaya ta rakiya. Ya ce wanda ya ceci ransa shi zai hau.

To jama'a, Hansatu da ta gano ciwon, Tanimu da ya ƙwace shi a bakin mutuwa, ko Kubura da ta hana ciwon dawowa: wa za a ba kujerar nan?