Mutum-mutumin Suwaiba da Sunan Jaririya

Ku gyara zama, yau abin gardama na kawo muku.

A wani gari an yi ƙawaye uku masu aikin kwamfuta, Hansatu da Suwaiba da Murja. Suka gina shafin intanet mai haɗa asibiti da masu ba da gudummawar jini. Hansatu ce ta rubuta gajerun umarnin da ma'aikata za su riƙa bugawa. Ɗaya daga ciki aikinsa share sunayen bogi da aka zuba lokacin gina shafin. Shi ya hana ta sakat, don in ya kauce, sunayen gaske zai kwashe.

Shugaban asibiti ya matsa a buɗe shafi. Hansatu ta kafe, ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba zan miƙa abin da ban gwada ba." Ita kuwa in ta ƙi abu, ta ƙi ke nan. Amma a gwada a kan me, tunda gwajin kansa na iya yin ɓarnar?

Sai Suwaiba ta ƙera mutum-mutumi, wato rumbun sunaye na bogi, wanda zai karɓi umarni ya faɗi abin da aka ce masa, ba tare da an taɓa na gaske ba. Hansatu ta gwada, komai ya fito kore, alamar babu matsala. Har ta fara murmushi.

Murja ba ta yarda da abin da ya zo da sauƙi. Ta lalata umarnin da gangan, ta sake gwaji. Kore dai! Ta ce, "Ke Suwaiba, ɗan nan naki komai aka gaya masa sai ya ce to." Suwaiba ta koya masa bincikar wane rumbu ake nufi. Suka mayar da umarnin yadda yake, sai ga ja, alamar akwai matsala. Ashe in ba a ambaci rumbu ba, kan na gaske yake faɗawa. Hansatu ba ta tashi ba sai da ta gyara.

Bayan buɗe shafi aka kawo wata mai naƙuda, jini ya ɓalle mata, ga irin jininta da wuyar samu. Aka duba shafin, mutum ɗaya tak ya dace, sunansa na nan daram, aka kira shi ya ba da jini. Uwa ta rayu, jaririya ma haka.

Da mijin ya ji labari, ya rantse sunan wadda ta tsare rumbun zai sa wa 'yarsa. Ga ranar suna ta matso, ga rago a ɗaure.

To jama'a, Hansatu da ta kafe, ko Suwaiba mai mutum-mutumi, ko Murja mai ɓarnar gangan, sunan wa za a raɗa wa yarinyar?